Kawu, Sun Ɗora Mazubanka a Sikeli

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Rajab, mai yankan ƙauna ta sallama a gidan kawuna, yayan mahaifiyata, maƙerin farin ƙarfe kuma mai kiwon kajin nama, bayan gajeriyar jinya. Aka yi masa sutura kafin la'asar.

Guduma ta kwanta, wutar maƙera ta mutu,
Hannun da ke lanƙwasa ƙarfe yau ya samu hutu.

Kawu, na so in rubuta maka yabo zalla, mai sanyi kamar inuwar rumfarka. Amma abin da idona ya gani a gidanka bayan tafiyarka ya tsaya mini a rai, kuma kai ne ka koya mana cewa ba a shafa fenti a kan tsatsa sai an kankare ta.

Bari in fara da alherinka. Duk wanda ya taɓa kiwon kajin nama a unguwarmu ya san mazuban abinci da na ruwa da ke fitowa daga hannunka. Kwano mai kauri kake yanka, ka naɗe bakinsa ya koma ciki don kada kaza ta watsar da abinci da baki, ka bi kowace gaɓa da dalma, ka faɗaɗa gindin na ruwa har ya zauna daram. Idan ka gama, sai ka ajiye shi a ƙasa ka hau kansa da ƙafa biyu, da duk nauyinka, mai saye yana kallo. In ya lotsa, ka mayar da shi kan uwar maƙera. Ka sha cewa, "Ɗan tsakon da kake gani yau kamar auduga, nan da ɗan lokaci ƙato ne mai ture-ture. Don ƙaton ake sayen mazubi, ba don ɗan tsakon ba."

Ba ka taɓa sallamar mai saye a bakin rumfa ka juya ba. Sai ka bi shi gida, ka rataye mazubin da sarƙa daidai tsayin bayan kaza, ka nuna masa yadda zai riƙa ɗaga shi yayin da kajin ke girma. Na tuna wata bazawara mai wanki da guga da ta zo da fasasshen mazubin roba, wai ka liƙe mata. Ka juya shi a hannu kamar wanda ya tsinci mushe, ka ce, "Baiwar Allah, wannan ai ko ƙadangare ya jingina da shi sai ya faɗi." Ta yi dariya har da hawaye. Ta koma gida da na ƙarfe a ka, ba ka karɓi komai ba.

Ka tafi ka bar wa Inna, matarka, ɗaki cike da kaji da suka fara nauyi, saura kaɗan su isa kasuwa. Su ne cinta da shanta a watannin takaba, kowa ya san haka.

To, tun tabarmin makoki suna shimfiɗe, ɗanka babba, wanda ya laƙaba wa kansa suna Manaja ko da yake ba mu san abin da yake shugabanta ba, ya kira masu sayen tsohon ƙarfe ta ƙofar baya. Ya kwance mazubanka daga sarƙoƙinsu, ya haɗa da gudumarka da almakashinka da ma'aunan da ke rataye a bango, aka ɗora su a sikeli kamar gwangwanayen bola. A madadinsu ya jera na roba, ja da ruwan ɗorawa, masu sheƙi, marasa nauyi, waɗanda in ka ɗaga su a rana kana hango yatsunka ta ciki.

Da na shiga ɗakin kajin bayan 'yan kwanaki, warin ne ya fara tarbata, wari mai yaji da ke sa ido ruwa. Kajin sun kifar da mazuban ruwa, garin katakon da ka saba shimfiɗa musu a bushe ya zama caɓi, abinci ya cakuɗe da kashi ya yi tsami, ƙuda ya yi baƙi a kai. Fararen kajinka, Kawu, waɗanda kake ɗaga su ɗaya ɗaya kana duba tafin ƙafarsu, suna kwance cikin ƙazanta, ƙirjinsu ya saɓule, wasu suna haki da ƙishirwa alhali ruwa ne ya jiƙa su.

Na nemo Manaja na ce masa, "Yaya, wace irin aika-aika ce wannan?"

Yana toshe hanci da hankici ya ce, "Ƙane, ka cika son tsohon yayi. Waɗancan tarkacen ai sun yi kama da kayan gidan yari. Dubi yadda ɗakin ya yi kyau da launi."

Roba mai sheƙi ta shigo, ƙarfe ya fita,
Kaji suka kwana cikin ruwa da ƙazanta,
Wanda ya auna gumin ubansa a sikeli ya ɓata.

Muka garzaya wurin masu tsohon ƙarfe, ni da maƙwabcinka mai walda. Mun makara. An riga an bi mazubanka da babbar guduma an daddaƙe su. Mai wurin ma da kansa ya ce sun ba yaransa wuya kafin su lanƙwasu. Muka dawo muka kwashe caɓin da shebur, muka tokare robobin da duwatsu, amma ciwo ya riga ya shiga garken. Kullum da safe sai an fitar da matattu a baro.

Inna ba ta jira su ƙare ba. Ta sa aka kira masu sayen kaji, suka kwashe masu sauran lafiya tun ba su kai girman da ka nufa ba. Da ɗakin ya zama wayam, ta tsaya a bakin ƙofarsa ta daɗe tana kallon sarƙoƙin suna lilo babu komai a jikinsu. Sannan ta rufe, ta ɗaure makullin a bakin zanenta, ta ce mini, "Ɗana, ranar da aka fita da shi na daure. Yau ne na san ya mutu."

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka yafe kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ingancin aikin hannunsa ya yi nauyi a mizaninsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, Allah Ya zama gatanta, Ya buɗe mata ƙofar da ba ta zata ba. Ga mahaifiyata da ta rasa yaya. Ga 'ya'yansa mata da jikokinsa da abokan sana'arsa. Ɗansa babba kuwa, shi ma maraya ne, ba zan hana shi gaisuwa ba. Allah Ya ba shi haƙuri, Ya kuma ba shi kunya. Amin.