Na Kai Oba-oba Dole Kaina

Ko asalatu ba a kira ba na bar ofishinmu na 'yan kwana-kwana a birni, 'yan watanni bayan samun mulkin kai, akwatin oba-oba a ka, batirinsa a kafaɗa. An aike ni garin Dole Kaina, bakin iyakar Dahomey, in gwada ko murya za ta iso gida daga can.

Baturen da ya tafi ya raba layukan akwatin bisa aiki: ɗaya na kiran gobara, ɗaya na motoci, ɗaya na ofis. Sabon shugabanmu ya ce rashin kunya ne kurtu ya buɗe baki a inda babba ke magana. Sai ya sake rabo bisa girma: layi na ɗaya nasa, na biyu na sufeto, na uku namu da Saje Umaru. Kurtu ya gaya wa saje, saje ya gaya wa sufeto, sufeto ya gaya wa shugaba, kowa kuma sai ya cika gaisuwa tukuna. Muka tafa, aka ce 'yanci ke nan.

Bagudo

Babbar motar kaya na samu, aka cusa ni tsakanin buhunan gishiri. Direba ya ƙare wa akwatin kallo.

"Wanga abu na kashe wuta?"

"A'a, magana kawai shika yi."

"To, awa ku ke nan," in ji shi, ya ja mota.

Da la'asar muka shiga Bagudo, ƙugu kamar ba nawa ba. Sarkin tasha ya sauke ni a zaurensa, ya ba ni tuwon shinkafa. Na rataya waya a kan tsamiya na kira birni. Saje ya amsa, muka gaisa har ya tambayi awakina, mutanen da suka taru suka watse suna cewa lallai gwamnati ta iso.

Dole Kaina

Daga nan sai jirgin ruwa a kan Kwara, muna haurawa da gora. A bakin iyaka ma'aikacin kwastan ya sa na buɗe akwatin, ya murɗa ko'ina yana neman kiɗa. Da bai samu ba ya ce in wuce, abin banza ne.

Mai masaukina Malam Garba, mai bandar kifi. Ya nuna mini rumfarsa, kwanduna jere har sama, wahalar kakar bana gaba ɗaya. Ranar kasuwa fatake za su kwashe, da kuɗin zai sayi geron da gidansa zai ci har damina.

Bayan azahar iska ta ɗauki tartsatsi daga murhun banda ta ɗora a jinkar rumfar. Malam Garba ya sheƙo ba hula.

"Ɗan kwana-kwana, ga ranarka! Kira su!"

Na murɗa layi na uku. "Saje, gobara! Oba!"

"Wa ad da magana ba sallama? Oba."

"Salamu alaikum, Saje, wuta ta..."

"Wa alaikumus salam. Ina gajiya? Oba."

"Ba gajiya! Rumfa na cin wuta! Oba!"

"Madalla. Ina ruwan Kwara? Oba."

Raina ya ɓaci, na tsallake zuwa layi na ɗaya. Shugaba da kansa ya ɗauka. "Wane mara kunya ne a layina? Koma naka!" Ƙit, ya kashe. Na koma na uku, Saje ya ce tun da na fita na dawo, sai a sake gaisuwa.

Kafin nan mata sun yi jerin gwano daga bakin kogi, ƙwarya na bin hannu. Masunta 'yan Dendi suka tsallako daga ɓangaren Dahomey, ba wanda ya gaida wani, suka tsige jinkar maƙwabta. Gidaje suka tsira, rumfar Malam Garba ta zama toka. Ni kuwa, ɗan kwana-kwana ɗaya tilo a garin, ina tsaye ina ba da labarin lafiyar iyalina. Ko da saƙon ya isa, motarmu tana birni, kuma ba ta iyo.

Sai da magariba amsa ta sauko daga sama. Saje ya ce shugaba ya ji daɗi ƙwarai, murya ta fito tas, gwaji ya yi kyau. Malam Garba na tsugune a gefen toka.

"Mi yac ce?"

Kunya ta kama ni har wuya. "Ya ce shina gaishe ka."

Ya tona toka, ya zaro wani ƙaton kifi ragon ruwa da ya ƙone baƙi ƙirin, ya miƙo mini. "Kai mai. Ka ce ina amsawa."

Gida

Na dawo yadda na tafi, jirgi sannan mota. Na ba Saje kifin, Saje ya ba sufeto, sufeto ya ba shugaba, lokacin kan kifin kaɗai ya rage. Da shugaba ya ji labarin gobarar, ya ce lallai tsarin na da gyara. Washegari aka buɗe layi na huɗu, na jaje.

Na gode Allah da ya maido ni lafiya. Na gode wa direba da sarkin tasha. Babbar godiyata ga Malam Garba, wanda da zan taho ya rako ni har bakin ruwa, yana ba ni haƙuri wai bai samu abin kirki da zai yi mini guzuri ba.