Mako Guda Ya Ishi Murjani

Kawu Douwe, yayan mahaifiyata, shi ne mai tsaron gadar bakin tashar jiragen ruwa a Harlingen har ya yi ritaya. Aikinsa ya ɗaga gada jirgi ya wuce, ya sauke ta motoci su wuce, kowanne a lokacinsa. Ko amininsa ne ya iso da jirgi bayan ya sauke, sai ya jira. Haka yake tafiyar da gidansa ma. In za ka sha kofi a wurinsa sai an sa rana. Ka zo, ya buɗe gwangwanin biskit, ka ɗauki ɗaya, ya rufe. Ba rowa ba ce, dukanmu haka muka tashi. A garinmu, wanda ya ce maka ka leƙo wata rana bai kuma faɗi ranar ba, sallamarka ya yi cikin ladabi.

'Yarsa ɗaya ce, Hiske. Bayan rasuwar mahaifiyarta suka faɗa wa juna baƙar magana, don ya sayar da kwalekwalen marigayiyar bai shawarce ta ba. Ta tattara ta koma tsibirin Bonaire, can nesa a ƙasar zafi, tana kai baƙi kallon murjani a ƙarƙashin teku. Shekaru suka yi ta wucewa, ba abin da ke haɗa su sai katin sabuwar shekara. Bara, da sanyi ya fara shigowa, likita ya gaya wa Kawu cewa huhunsa ba zai daɗe yana jure doguwar tafiyar jirgin sama ba. Labari ya kai wa Hiske, ta kira shi. Ina wurin, na kawo masa magani, ya kuma ƙure sautin wayar saboda kunnensa.

"Baba, ka zo. Sanyin nan ba zai bar ƙirjinka lafiya ba."

"Yaushe?"

"Duk lokacin da ka ga dama."

"Kwana nawa zan yi?"

"Kai dai ka zo, Baba. Ka zauna iya son ranka."

Da ya ajiye wayar ya daɗe yana kallon taga. "Kin dai ji, Marrit. Ba ta faɗi rana ba."

Na ce masa ni a ganina da gaske take. Kunnensa ba ya ji sosai, ni kuma muryata ba ta da ƙarfi, ya ci gaba da kallon tagarsa.

Zuwa kam yana son ya je. Ya san in bai ga Hiske a wannan hunturu ba, ƙila shi ke nan. Amma ba zai sake tambayarta ba, ba kuma zai je ya zame wa kowa kaya ba. Sai ya sauya tambayar zuwa wadda ke da amsa: kwana nawa mutum ke bukata ya gama ganin murjani? Ya kai tambayar wurin da ake kira bencin maƙaryata, inda tsofaffin ma'aikatan tasha ke zama da hantsi. Na raka shi, don numfashinsa kan sarƙe a hanya.

"Kwana uku," in ji Siebe, tsohon masunci. "Dutse ne mai launi, Douwe. Ka ga ɗaya ka ga duka."

"Ji mai magana," in ji Gerben, wanda ya yi makanikanci a jirgin fito. "Kai da ko tsibirin Terschelling da ke nan kusa aka nufa sai ka yi amai. Surukina mako biyu ya yi a Bonaire. Ya dawo jajur kamar dafaffen ƙaguwa, fata na ɓarewa."

"Surukinka ai tun ran ɗaurin aure haka yake," in ji Siebe.

Da dariya ta lafa Siebe ya dubi Kawu ta gefen ido. "Wai tsaya, kifi za ka je gani ko 'yarka?"

"Kifi bai taɓa kashe min waya ba."

Suka yi ta ja har kofi ya huce, suka tsaya a kan mako guda. Ni na saya masa tikiti, na kuma kama masa ɗaki a otal, don ya ce Hiske ba ta ce ya sauka a gidanta ba. Da na tura wa Hiske ranar zuwansa da ranar komawarsa, amsarta kalma ɗaya ce: To.

Ya tafi, ya dawo a ranar da ya sa. Na tare shi a filin jirgi muka hau jirgin ƙasa, hancinsa ya ƙone da rana. Ya ba ni labari a tsare, kamar mai miƙa rahoton aiki. An sa shi a kwalekwale mai gindin gilashi. Akwai wani kifi mai bakin aku da ke gatsar murjani. Wani sashen murjanin ya koɗe ya yi fari kamar ƙashi, Hiske ta ce zafin ruwa ne. Ita kuwa in ta shiga teku sai ka rantse a ciki aka haife ta. Da safe tana aiki, da yamma su ci abinci a otal, su yi hirar kifi. Sai ana gobe zai taho ta kai shi gidanta.

"Ta yi sabon ɗaki a baya," ya ce. "Fenti ma bai gama bushewa ba. Ƙofa mai faɗi, ba matakala ko ɗaya. Taga na kallon teku. A banɗaki har da ƙarfen dafawa a bango."

"Na wane ne, Kawu?"

"Na tambaye ta. Ta ce na haya ne, na masu zuwa hutu."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce ta cire ƙarfen. Masu ninƙaya matasa ne, za su ɗauka gidan tsofaffi suka shigo." Ya gyara jakarsa a cinya. "Ta ce na yi gaskiya."

Jirgi ya ratsa gonakin da ruwa ya kwanta a cikinsu. Kawu dogo ne, gwiwoyinsa na tokarar kujerar gaba.

"Gadon ma dogo ne ƙwarai," ya ce. "Na rasa wa ta auna."

Ya mai da ido kan gonakin.

Kafin sanyi ya fita likita ya hana shi hawa jirgin sama gaba ɗaya. Yanzu da bututun iska a hanci yake kwana. Hiske kan kira wani lokaci, su yi maganar yanayi. Ɗakin ya shiga haya, ta sa hotunansa inda masu neman masauki ke dubawa, kuma ba ya rabo da baƙi.

Makon jiya na kai masa miyar wake, ya ce in nuna masa hotunan a wayata. Ya wuce taga, ya wuce gado, ya tsaya a banɗaki. Ya ce in ƙara girman bangon. Inda ƙarfen yake a da, an cike ramukan an shafe, sai dai fentin ya ɗan fi na gefensa haske.

Ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo min wayar.

"Ta toshe su da kyau," ya ce. "Ɗora miyar a wuta."