Sandar da Yaya Ya Bari a Huɗu

Motar yayana a-kori-kura ce, irin wadda mu a Nima muke kira pikop. Fara ce a takarda. A ido kuwa, jar ƙasa da ɓawon albasa sun daɗe da yi mata wani launin. Da ita yake ɗauko mana albasa, ni ina sayarwa a kasuwar Nima, kuma da abin da ta kawo ake ɗora tukunya a gidanmu na gado, inda nake zaune da shi da matarsa da 'ya'yansu uku.

Sandar giya biyu ce a motar. Akwai babba wadda kowa ya sani, sai wata 'yar gajeriyar sanda a gefenta, kanta ya yi sulɓi don shafar hannu. In sandar tana gaba, ƙafafun baya biyu ne kawai ke jan mota. In an jawo ta baya, duka huɗun su kama aiki. Can gefe kuma akwai wani gurbi na huɗu mai rarrafe, wanda ba a taɓawa sai mota ta nutse har ciki.

Shi ya koya mini tuƙi, a wani filin ƙwallo bayan Kokomlemle, ran Lahadi-Lahadi. Yaya mutum ne mai haƙuri da kowa amma ban da mai wasa da wannan sandar. Za ka iya zubar masa da koko a kujera ya yi dariya. Ka bar masa mota a huɗu a kan kwalta, ranar za ka san yana da murya.

"Ƙanwa, kwalta biyu. Taɓo huɗu," in ji shi. "Kin fito taɓo, ki mai da shi gida. Kin ji ko?"

Mai da shi gida yake cewa, wato a mai da sandar biyu. Na ce masa ai ƙafa huɗu ta fi biyu ƙarfi, me zai hana a bar ta haka kullum a huta? Ya dube ni kamar na ce a zuba gishiri a shayi. Ya ce in tuna ranar da muka shigo da gadon Mma, mahaifiyarmu, ta lungunmu, shi a gaba ni a baya. A wurin shan kwana dole na gaba ya yi faɗi, na baya ya rage tafiya. In aka ɗaure ƙafafun gaba da na baya su yi tafiya ɗaya, a cikin taɓo ba komai, ƙasa tana barin taya ta ɗan zame. Kwalta ba ta bari. Sai ƙarfen cikin motar ya riƙa murɗewa yana cin kansa, har ranar da zai karye. Na ce na ji. Ya sa na maimaita, ni da nake da jika a lokacin.

Tun da aka tashi 'yan albasa daga kasuwar Agbogbloshie aka kai su bayan gari, sandar ta samu aiki, don da damina hanyar can sai a hankali. Amma ko yana tsakiyar faɗa da wani direban tirotiro, wato bas ɗin haya, da ƙafar motar ta taɓa kwalta za ka ga hannunsa ya sauka ya mai da ita gida, bai ko duba ba. Har na riƙa tsokanarsa cewa ko a barci aka ce masa kwalta, hannunsa zai lalubi sanda.

Wani aikin da motar ke yi shi ne ɗaukar makara. In aka yi rasuwa a lungunmu ba a neman mota, Yaya ake nema, kuma bai taɓa karɓar ko na mai ba. Ranar da abin ya faru, wani tsoho maƙwabcinmu ne ya rasu, aka yi masa sallah bayan azahar, ana yayyafi. Maƙabartar tana can nesa, kuma hanyar shiga cikinta taɓo ne zalla. Mutanen da suka bi shi suka dawo a bas ɗin da aka ɗauka, shi ya dawo shi kaɗai. Ya ajiye mota a ƙofar gida, ya ce wa matarsa kansa na ciwo, ya kwanta a tabarma da rigar jikinsa. Ina kasuwa aka kira ni. Kafin in isa asibiti ya daina magana, washegari Allah ya karɓi abinsa. Likita ya ce hawan jini ne.

Motar ta zauna a ƙofar gida har aka yi addu'ar arba'in, awaki suna kwana a ƙarƙashinta. Bayan an kwashe kujeru da rumfuna, kawunmu ya tara mu ya ce mota ba za ta ci gaba da zama ba, yara na makaranta, kuma a gidan ni kaɗai na iya tuƙi. Matar Yaya tana takaba. Ta aiko mini da makulli a hannun babbar 'yarta.

Na buɗe ƙofa, ƙanshin turarensa da na albasa suka tare ni. Kujerar tana can baya daidai tsawon ƙafarsa. Carbinsa na rataye a madubi. Duk waɗannan na shirya musu, na san zan gan su. Na zauna, na yi bisimilla, hannuna ya sauka a kan 'yar sandar kamar yadda ya koya mini in duba kafin in tayar.

Tana huɗu.

Na daɗe a zaune hannuna a kanta. Daga maƙabartar zuwa Nima tafiya ce mai tsawo, kuma kusan dukanta kwalta ce. Mutumin da hannunsa ba ya mantuwa ya fito daga taɓo, ya hau titi, ya bi duk shataletalen nan da kwanonin nan motar tana kuka a ƙarƙashinsa, bai mai da ita gida ba. Ko dai bai ji ba, ko ya ji hannun ya ƙi zuwa. Kowa a gida yana cewa ciwon a tabarma ya same shi. Ni kaɗai na san tun a bakin maƙabarta ya fara barinmu, kuma duk tsawon hanyar nan ba kowa a gefensa.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, tura sanda gaba kawai. Na kasa. Kujera na jawo ta gaba don ƙafata ba ta kaiwa, madubi na gyara shi. Wannan sandar ita ce abu na ƙarshe da hannunsa ya ajiye da niyya, yana cikin hankalinsa, zai shiga da gawar maƙwabci cikin taɓo. Na ce a raina gobe. Na tayar da mota a huɗu na fita.

A miƙaƙƙen titi ba ta cewa komai. Da na zo kwana sai sitiyari ya yi nauyi, motar ta riƙa tirjewa, tayoyin gaba suna ƙara ƙyat-ƙyat a kan kwalta, daga can ƙarƙashi kuma wani nishi ya taso, dogo, kamar na mai ɗaga buhu. Tsigar jikina ta tashi. Lokacin da yake koya mini, in na sha kwana da gaggawa, yakan miƙo hannu ya riƙe sitiyarin ta gefensa, in ji nauyinsa a tafina. Nauyin nan ne sak. Na san ƙarfe ne ke murɗewa, shi da bakinsa ya yi mini bayani. Duk da haka a kowace kwana sai na ce, "Na ji, Yaya, a hankali zan bi."

Nima kuwa ba a ɓoye ƙara a cikinta. Kwanar shiga lungunmu matsattsiya ce, gefe guda babbar kwata, ɗaya gefen teburin wata tsohuwa mai koko da ƙosai. Duk ranar da na dawo da kaya, nan motar take yin kukanta mafi tsawo. Tsohuwar ta tare ni wata rana, ludayi a hannu.

"Ei, 'yata! Motan nan ya ɗauki gawa da yawa paa. Maigidan shi bai sake shi ba. Ku nemi malam."

Magana ta zaga. Yara suka daina hawa bayanta suna wasa. 'Yan dakon da ke sauke mana albasa suka fara yin addu'a kafin su taɓa buhu. Kawu ya zo da malami, aka yi tofi a ruwa aka yayyafa har cikin inji, aka turara kujeru. Ina tsaye ina kallo, na ce amin tare da kowa. Da malamin ya leƙa ciki sai da na ɗora gyalena a kan sandar, kada gwiwarsa ta ture ta.

Akwai wani makanike a Maamobi, abokin Yaya tun suna yara. Ya ji ni ina wucewa ta gaban garejinsa, ya biyo ni da gudu yana goge hannu.

"Sista, tsaya mana! Wannan ƙara sam bai yi kyau ba kuraa. Minti ɗaya, in leƙa ciki."

Na ce masa motocin da ya jera a bakin titi shekara da shekaru ya fara gyara su tukuna. Ya tsaya baki buɗe. Bawan Allah bai yi mini komai ba, na dai san kallo ɗaya zai yi ya gane. Daga ranar na canja hanya, na riƙa zagayawa ta New Town.

Muddin ana ruwa abin da sauƙi, titi na jiƙe, tayoyi na samun zamewa. Da ruwa ya ɗauke, kwalta ta bushe ta yi zafi, sai nishin ya koma gurnani. Tayoyin gaba suka cinye ta gefe. In na tsaya, wani wari mai zafi yana tasowa daga ƙasa. Na san inda abin zai ƙare. Wata rana za ta yi ƙara guda ta tsaya a tsakiyar titi, kuma abincin yaran nan uku ne zai tsaya tare da ita. Tsoro nake ji sosai. Kullum da safe sai in ɗora hannu a sandar in ce yau, sai hannun ya dawo cinyata.

Matar Yaya mace ce mai barkwanci. A nan Zango matar wa takan kira ƙanwar mijinta "mijina" don wasa, ita kuwa ta mai da shi sunana, har ta riƙa cewa in ba ta kuɗin cefane tunda ni ma miji ce. Tun rasuwar ba ta sake faɗa ba. Ɗakinta ne ke da taga ta wajen lungu. Ni ban taɓa kawo tagar nan a raina ba.

Wata la'asar na dawo, motar ta yi kukanta a kwana, na kashe ta a ƙofar gida. Ina shiga zaure na same ta tsaye daidai bakin ƙofa, iyakar inda takaba ta bar ta ta kai. Ta rame. Ba ta amsa sannu da gidan da na yi mata ba.

"Ƙanwa, ina roƙonki," in ji ta. "Ki kai motan nan wani wuri ki ajiye. Ko ku sayar."

Na ce, "Anti, ke ma kin yarda da zancen mai koko?"

Ta girgiza kai. "Ni ban san mota ba. Amma tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin shigowan shi ba, sai dai in ji sallama. Ranan nan ina wanke shinkafa na ji wannan kuka a kwana. Kafin in gan shi na san ba lafiya." Ta riƙe bango. "Yanzu kullum in kin shigo, sai ya sake dawowa da ciwon kai. Kullum ina shimfiɗa mishi tabarman nan. Na gaji."

Ni ina can ina jin hannunsa a sitiyari, ita tana nan bayan taga ana kawo mata shi yana mutuwa kowace la'asar.

Na koma cikin motar na tayar. Na kama sandar na tura, ta ƙi. Na sa hannu biyu, ko motsi. Ƙarfen ya murɗe ya cije. Sai na tuna ya taɓa gaya mini, in ta cije kada a yi kokawa da ita, a miƙe tayoyi a ja da baya kaɗan, za ta saki da kanta. Na sa ribas. Na ja baya a hankali ta gefen kwata, mai koko tana janye bencinta tana salati, hawaye sun hana ni ganin madubi sosai. Can ƙarƙashina wani abu ya yi ƙwas. Sandar ta tafi gaba da yatsa biyu, ba wata gardama.

Na zagaya ta babban titi na dawo na sha kwanar lungu. Sitiyarin ya juya sakayau. Babu nishi, babu nauyi, babu kowa ta ɗaya gefen. Na kifa kai a kansa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Washegari na biya ta Maamobi na ba makaniken haƙuri, ya shiga ƙarƙashi ya fito ya ce Allah ya rufa asiri, tayoyi ne kawai za a canja. Na ɗauko albasa na dawo bayan la'asar. Na kashe mota, na shiga zaure na yi sallama. Matar Yaya tana tsakar gida tana tsince wake, ta yi firgigit har tiren ya karkace.

"Ei, mijina! Ban ji shigowanki ba."

Ta tsaya, ta dubi ƙofar da ke bayana, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta sunkuya tana tattara waken da ya zube.

"Haka yake shigowa," in ji ta.