Da Hannuna Na Sa Mata Garin Taba

A shekarun da masaƙun Kakuri ke aiki ba hutu, ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, ga ƙarfi ga baki, ba a taka ni in yi shiru. Daga wani ƙauye na kudancin jihar nan na biyo maigidana da ya samu aiki a masaƙa, muka kama ɗaki ɗaya a Makera. Duk wanda ya san wannan ɓangare na Kaduna a lokacin ya san garin baƙi ne, ba wanda aka binne cibiyarsa a nan. Tibi, Idoma, Katsinawa, mu mutanen kudu, kowa jirgin ƙasa ko mota ce ta sauke shi da ƙunshin kayansa, kowa kuma na neman abin da zai riƙe. Abin da ni na riƙe taba ce, kuma ita ta sa na ɗauki biro yau, domin maganar ta daɗe tana cin raina.

Wani Alhaji, dattijo daga wajen Katsina, shi ya kawo sana'ar unguwarmu. An ce da buhun ganye ɗaya ya sauka, ya zauna kusa da ƙofar masaƙa yana naɗa wa leburori. Kafin zuwana ya riga ya kafa rumfar kwano a bayan gidansa, mu mata cike da benci biyu. Ganyen busasshe yake zuwa, a yayyafa masa ruwa a lulluɓe da buhu ya yi laushi, mu zare jijiyar tsakiya, mu tara gutsattsarin mu naɗe shi da lafiyayyen ganye, mu liƙe bakin da sitaci. Taba ce mai kaurin babban yatsa, ba ruwanta da takarda. Abin da ya rage a daka shi da kanwa ya zama garin taba, na shaƙa da na sawa a baki. Da jiniyar tashi ta yi kuka, kafin ka ce kwabo ma'aikata sun kwashe. Hannuna ya fi na kowa sauri, shi ya sa Alhaji ya ɗora ni a kan matan, ni kuwa kaina ya kumbura.

Muna da wata al'ada a rumfar. Duk sabuwar da ta zo, warin jiƙaƙƙen ganye sai ya juya mata kai, ta yi jiri, ta yi amai, zufa ta karyo mata. Mu tsofaffin hannu sai mu yi ta dariya muna cewa taba ce ke gaishe ta. Gaisuwa kuwa amsa ta ake yi. Sai a ɗebi garin da yatsa biyu a sa mata tsakanin leɓen ƙasa da dasashi, wai in ta amsa, tabar za ta san ta, ta daina wahalar da ita. Na yi wa mata da yawa haka, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko jikin nasu gaskiya yake faɗa ba.

Ana nan sai Mama ta aiko mini da ƙanwata, autarmu, budurwa siririya marar hayaniya. In ta rera waƙa a coci, har tsofaffi sai sun ɗaga kai su ga mai muryar. Ita ɗinki take so ta koya, ni kuma na riga na roƙa mata gurbi wajen Alhaji, na cika baki cewa jininmu ɗaya, hannunta zai ma fi nawa. Ranar farko ta yi amai, ta biyu ma haka. Ranar ta uku da hantsi ta ruga bayan rumfa ta durƙusa. Da na bi ta sai ta kama bakin zanina tana kuka tana kirana Yaya, ta ce in yi mata rai in bar ta ta tafi, akwai wata mata 'yar cocinmu a Sabon Tasha da ta yarda ta koya mata ɗinki. Ta ce jikinta ba ya son wannan abu ko kaɗan.

Da ma na saurara! Amma ina, kunnena yana cikin rumfa, inda nake jiyo matan suna shewa, wata na tsokana wai ƙanwar shugaba ce ta fi kowa raki. Raina ya ɓaci. Na kira ta ragguwa, na ce Mama ba ta turo ta birni don ta yi zaɓe ba, kuma ba za ta kunyata ni a gaban Alhaji ba. Na shiga na ɗebo garin da hannuna, na kama haɓarta, na ce ta buɗe baki. Ta buɗe, domin a gidanmu ba a musu da babba. Hawaye suka zubo mata, ta kwanta a kan buhuna kamar marar lafiya. Bayan mako guda aman ya tsaya, matan suka yi ta yi mini barka, ni kuma ina ta washe baki.

Shekaru suka tafi. Masaƙun suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, jiniya ta yi shiru, masu sayen tabarmu suka watse, wasu suka koma garuruwansu, matasa kuma suka koma sigarin kwali. Alhaji ya rasu, magada suka rushe rumfar suka gina ɗakunan haya. Sana'ar ta mutu, amma tabar ba ta saki ƙanwata ba. Ta yi aure, suka zauna a Narayi, ta haifi uku, tana sayar da tumatir da attarugu a kasuwar Sabon Tasha, ɗan gwangwaninta na garin taba ƙulle a haɓar zani. Ba irin ƙoƙarin da ba ta yi ba. Ta yi azumi, ta yi alkawari a gaban fasto, sai ta yi kwana biyu kanta na sarawa, ta koma. Ƙungiyar mawaƙa ma ta bari, saboda haƙoranta sun rine tana jin kunyar buɗe baki a gaban jama'a.

Wata rana ta zo gidana ta janye leɓenta ta nuna mini wani farin tabo da ya zama gyambo, daidai inda take ajiye garin. Ni uwar iyayi, likitar unguwa, ko kallon kirki ban yi masa ba na ce zafi ne kawai, ai taba ma maganin ciwon haƙori da dasashi ce, ta ƙara kanwa ta danna a wurin. Haka muka yi imani a rumfa, haka na faɗa mata, haka kuma ta yi har watanni. Sai da muƙamuƙinta ya kumbura abinci ya gagara, sannan babbar 'yarta ta kai ta asibiti da ƙarfi, ni ma na bi su. Likita ya ce ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Ya tambaye ta tun yaushe take sa taba, da yadda aka yi ta fara. Na sunkuyar da kai ina jira ta nuna ni. Sai na ji ta ce, da ƙyar maganar ke fita, ita ta ɗauka da kanta don kwaɗayin ƙuruciya, ba wanda ya koya mata. Ko kallona ba ta yi ba. Wallahi da zagina ta yi a gaban likitan da ya fi mini sauƙi.

An yi mata aiki, aka cire wani ɓangare na muƙamuƙin, magana ta ɗauke. Daga baya aka ce mu koma gida. Na tare a Narayi ina jinyarta, ina ba ta kunu da cokali. Wata rana da la'asar ta jawo hannuna, ta haɗa yatsunta biyu ta nuna leɓenta. Na gane abin da take so. Na ce a'a ina kuka. Ta sake nunawa, idanunta na roƙona, na sake cewa a'a. Sai ta saki hannuna ta juya fuska bango. Bayan kwana biyu Ubangiji ya ɗauke ta. Har yau ban san ko daidai na yi ba, domin lokacin da hanin zai yi amfani ni ce mai ɗurawa, sai da babu sauran abin ceto na iya cewa a'a.

'Ya'yanta Mama suke kirana, suna gode mini a kan jinyar da na yi, ba su san komai ba, ni kuma na kasa buɗe baki. Abin da na koya shi ne, girman kai na minti biyar yana iya cin ran mutum, kuma ba a kanka zai faɗa ba, a kan wanda ya yarda da kai zai faɗa. Ku manya, yayye da iyaye da shugabannin wurin aiki, in na ƙasa da ku ya ce jikinsa ya ƙi abu, don Allah ku saurare shi, ko da duk duniya za ta yi muku dariya. Wanda kuma ya ga gyambo a bakinsa ya ƙi warkewa, ya tafi asibiti, kada ya nemi shawarar irina. Wanda bai fara ba kada ya kuskura, ko da wasa, ko don ciwon haƙori. Kada ku ce ai in an ga dama za a bari. Ni da nake wannan wa'azi, ranar da muka dawo daga binne ta na shiga banɗaki na kulle ƙofa, na sa garin a bakina ina kuka. Yau da safe ma na sa. Ku sa ni cikin addu'a.