Ranar da na karanta labarin kududdufi

Wata Litinin ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyu na ƙaramar sakandare. Ina tsaye a kan dakalin asembili, ɗalibai sun yi layi a gabana, takalmansu duk taɓo, ni kuma ina riƙe da takarda a hannuna. A makarantarmu akwai ƙungiyar 'yan jarida, duk Litinin akan zaɓi ɗaya ta karanta labarun mako. Ran nan ni aka zaɓa, amma abin da ke cikin takardar ba shi na rubuta ba.

A bayan gidanmu a Gwale akwai wani kududdufi da muka tashi muka tarar. A bakinsa muke tsayawa 'yar carafke idan an aike mu kai niƙa, maza kuma su yi ta kamun talibambam da gwangwani, manya na daka mana tsawa kada mu matsa kusa. Duk ruwan lungunanmu can yake gangarawa. Da rani sai wani attajirin unguwar ya sa tifofi suka yi ta juye ƙasa da bola har suka cike shi, wai zai gina shaguna. Da aka sheƙa ruwa wata Juma'a bayan la'asar, sai ya rasa hanya, ya juyo cikin gidaje. Muka yi ta kwarfa da ƙwarya da bokiti, Umma na kinkimar buhun gero tana ɗorawa a kan gado. A gidan Iya Dije mai ƙuli-ƙuli kuwa, katangar ƙasa ce ta jiƙe ta faɗo, ta karya ƙafar jikarta Ladidi, ƙawata da muke zuwa Islamiyya tare.

Washegari na bi gida-gida ina tambaya, yadda nake jin 'yan rediyo suna yi. Matan aure suka yi ta dariya, "Ke Binta, yaushe kika zama 'yar jarida?" amma ba abin da suka ɓoye min. Iya Dije na tarar zaune a kan turmi cikin ɓaraguzan ɗakinta. Ta ce, "Rubuta, 'yar nan. Ki ce musu ruwa ba ya mance hanyarsa." Na rubuta komai, har da wanda ya cike kududdufin. Da safiyar Litinin na kai wa Malam Sani, malaminmu na Hausa da ke kula da ƙungiyar. Ya karanta, sannan ya yago wata takarda ya rubuta cewa an samu ruwa mai yawa a wasu unguwanni, Allah ya kiyaye gaba. Ya miƙo min ya ce, "Aikin jarida sai da dabara. Wannan za ki karanta."

Na fara da layin Malam kamar yadda ya ce. Sai na tuna Ladidi kwance a tabarma, an yi mata ɗori, tana cije leɓe. Na ninke takardar, na faɗi nawa da ka, tun daga tifofi har katanga, na kuma ambaci sunan Alhajin da ya sa aka cike kududdufin. Nan take fili ya kaure da surutu. Shugabar makaranta ta sa aka zane ni a gaban kowa, aka ba ni sharar fili, aka cire ni daga ƙungiyar.

Ba wannan ne ya fi ci min rai ba. Babana baduku ne a Kasuwar Kurmi, rumfar da yake ɗinkin jakunkuna a ciki kuma ta Alhajin ce. Kafin azahar magana ta isa kasuwa. Da yamma Baba ya tasa ni gaba har zauren Alhaji, na durƙusa, shi ma ya tsugunna yana cewa, "A yi haƙuri, Alhaji, ƙuruciya ce." Alhaji ya yi dariya ya ce wannan 'ya sai gidan rediyo. Ban taɓa ganin Baba tsugunne a gaban kowa ba sai ran nan. A hanyar gida bai dube ni ba, sai da muka zo ƙofa ya ce, "Ba ƙarya kika yi ba, Binta. Amma a rumfarsa muke ci." Aka gina shaguna. Iya Dije ta koma wajen danginta can bayan Kabuga, Ladidi ta tafi tana ɗingishi, zumuncinmu ya yanke.

Haushin nan ne ya kai ni karatun jarida. Na yi shekaru ina bin kotuna da asibitoci a wata ƙaramar jarida, yanzu kuma ni ce edita a wani shafin labarai na intanet. Na ɗauka idan na kai nan ba mai hana ni magana. Ashe ba haka ba ne. Sai mu yi mako muna binciken rijiyar burtsatse da aka ce an haƙa ba a haƙa ba, mutane su wuce ta su tafi kallon bidiyon rigimar biki. Idan kuwa labari ya taɓa wani babba, sai waya ta yi ƙara, mai shafin ya ce, "Hajiya, a sauke wannan, masu talla ne." Nakan yi gardama, wani lokaci in ci nasara, sau da yawa kuma in sauke, don akwai yara matasa da ke ci a ƙarƙashina. Sai yanzu na fahimci Baba, fahimtar kuma ba ta rage min takaici ba.

Nakan yi kewar lokacin da hukuncin faɗin gaskiya bai wuce bulala da sharar fili ba. Ita bulala, zafinta na yini ɗaya ne.