Fukafukai a Murfin Kofi

Daminar da ɗana ya shekara, gudawa ta sa shi gaba. Ya yi kwana uku lafiya, a na huɗu zanina ya sha wanki. Surukata Inna, wadda muke gida ɗaya da ita a Kademi, ta ce nonona ne ya ɓaci. Ta yanke magana: in ya sake ko sau ɗaya, za a yaye shi a kai shi Gafasa wurin babbar 'yarta. Ɗan fari ne, ba ni da bakin cewa a'a. Sai dai in shiga ɗaki in yi ta shinshina kansa.

Ni kuwa na lura da wani abu. Duk ranar da ta ɗauke shi tana kiransa maigidanta, sai ta tsoma kofinsa a randar tsakar gida, wadda kowa ke cusa wa hannu, ta ɗura masa. Washegari sai ciki ya tashi. Amma wa zai gaya wa Inna haka?

Ana cikin wannan ƙanwar mijina ta zo hutu daga jami'a. Ba ta zo da tsarabar kirki ba, sai wani ɗan akwati da take zuwa bakin kududdufi da shi, tana kama ƙwaron nan mai dogon jiki da fukafukai huɗu.

Na ce, "Malama, duk kuɗin makarantar nan a farautar ƙwari ya ƙare?"

Ta ce, "Matar Yaya, matso ki ga abin da ya fi ƙarfin firamarenki."

Ta nuna min hoto a waya. Na ɗauka gona ce bayan girbi, tushiyar kara tsaitsaye ba iyaka. Ta ce fiffiken ƙwaron ne aka ƙara wa girma. Wai ƙwayar cuta in ta sauka a kai, tsinin nan ne ke yaga ta, ruwa ma ba ya zama. Su aikinsu shi ne su danna fiffiken a wani abu mai laushi ya ɗauki siffarsa, kamar yadda ake buga bulo, sannan su zuba roba ta fito da tsinin. Suna so wata rana a yi marikin ƙofar asibiti da irinsa.

Ban ji wata rana ba. Yaga ƙwayar cuta kawai na ji.

Da safe, bayan ruwan sama, shinge, garar nan mai tashi, ya zubar da fukafukai fal ƙofar ɗakina. Na ce ai fiffike fiffike ne. Na tsince su, na jiƙa ƙaro, na lilliƙa su a murfin kofin yaron, jere-jere har da ado. Don kada su jiƙe, sai na riƙa tafasa masa ruwa a tukunyata, in ya huce in zuba a hankali in rufe.

Inna ta zo ɗaukar kofi, ta miƙa hannu, ta janye.

"Ke 'yar nan, mene ne wannan? Asiri kika fara yi min a gida?"

Sai ga Malama ta leƙo. Ta dubi murfin, ta dube ni, na ga kafaɗunta na rawa. Na kafe ta da ido ina roƙo, don tun jiya na raɗa mata maganar randa.

Ta haɗiye dariya ta ce, "Inna, kada ki taɓa! Aikin makarantarmu ne. Hannun uwar yaro kaɗai yake so, kuma ruwan da bai tafasa ba karya shi yake yi."

"To ni da na haifi ubansa fa?"

"Ke ma haka, Inna. Ni ma da na karanta abin ban isa ba."

Da muka keɓe ta faɗi kan gadona tana riƙe ciki. Ta ce na farko ba ƙwaron ba ne, na biyu ƙaro ya cike tsinin, na uku murfi ba ya shan ruwa. Na ce in ta isa ta je ta gaya wa Inna. Ta ce ita ba ta ga komai ba.

Daga ranar Inna ta daina kusantar kofin. In maigidan nata ya nemi ruwa, sai ta ɗaga murya, "Zo ki ba shi da kofin bokonku!" Mako ya wuce, wata ya wuce, zanina ya huta. Maganar Gafasa ta bi ruwa, ba wanda ya sake tayar da ita. Na shayar da shi har ya cika watanninsa, na yaye shi a ɗakina.

Sai dai abin ya zo da wahalarsa. Inna ta baza labari a gidan suna, mata suka fara sallama da kofuna a hannu. Shinge kuwa ya wuce da farkon damina. Na riƙa ce musu fiffiken ya ƙare, amma su fara tafasa ruwan, kofi ya saba kafin baɗi.