Igiyar Kaka

Jiya a kasuwar Kalgo na ga igiyar rama, sai kakana ya faɗo mini a rai. Annoba ta ƙarar da shanunsa tun ban zo duniya ba, amma kullum la'asar yana gindin bedi yana tufka, hannunsa na warin jiƙaƙƙiyar rama.

Na taɓa karanta masa labarin da na rubuta na wani makiyayi da ya rasa garke, makiyayin yana ta sheƙa kuka.

Ya ce, "Kai ja'iri, ba haka ake yi ba. Share mai hawayen nan, ba shi rama."

"Kaka, ya ɗaure mi?"

Shi dai ya ci gaba da tufka.

Tun ranar, duk wanda na ɗora wa rashi a labari sai na nemo masa igiyarsa. Allah Ya jiƙan Kaka, Ya sanyaya makwancinsa.